Zaka Je Agadas Kwana Biyar? Ga Yadda Ake Haɗa Jaka Don Gari Da Kuma Sahara

Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri in aka ce masa Agadas akwai zafi dariya yake yi, wai shi za a gaya wa zafi. To ba a ce baka san zafi ba malam, amma na can busasshe ne ƙayau, zufa bata samun zama a jikinka, tana fitowa iska na ɗauke ta, shi yasa mutum zai yini ruwan jikinsa na ƙarewa bai sani ba sai da yamma kai ya fara sara masa. Ga ƙura, ga kuma dare wanda in lokacin hunturu ne ka kwana a bayan gari sai ka rantse ba ƙasar da ka sha rana ɗazu bace. Waɗannan ukun zaka yi wa shiri, rana da ƙura da sanyin dare, duk abin da hannunka ya ɗauko wanda baya maganin ko ɗaya cikinsu to ka tsaya ka tambayi kanka me zai yi maka a can.

Lissafin nan na tafiyar kwana huɗu zuwa biyar ne, biyu ko uku a cikin gari, ɗaya ko biyu a fita daji, ko dai wajen duwatsun Tigidit da ke kudu da gari ko ƙauyukan gindin dutsen Abzin irin su Azel da Tafadek mai ruwan zafi. Timiya mai lambunan lemo da rumman ta fi kilomita 200 kuma hanyar dutse ce, yini guda take ci, in da ita a ranka to ƙara kwana. Masu ƙetara hamadar Tenere zuwa garuruwan Fashi da Bilma kuma wannan wani karatu ne daban, ba dasu nake ba.

Mataki na farko, duba wata kafin ka buɗe jaka

Daga Afrilu zuwa Yuni shine tsakiyar wuta, ma'aunin zafi yana wuce 40 kusan kullum, in ba dole ba kar ka sa fita daji a wannan lokacin. Yuli da Agusta zuwa farkon Satumba ana ɗan samun ruwan sama, ba yawa, amma in ya sauka a kan duwatsu koramu sukan taho da ƙarfi ba sallama, a Satumban 2009 ma ambaliyar da ta biyo koramar Telwa ta rushe gidaje da yawa a cikin Agadas ɗin kanta, dan haka in damina ce ko an ce maka cikin korama ya fi laushin yashi kar ka shimfiɗa tabarma a ciki. A Satumba ɗin ne kuma ake taron makiyaya na Ingal, wanda ake ce wa Cure Salée, Buzaye da Fulani Bororo ke haɗuwa da dabbobinsu. Nuwamba zuwa Fabrairu shine lokacin da ya fi daɗin yawo, rana da sauƙi, amma dare a gari yakan sauko wajen 10 zuwa 12, a saman duwatsu kuwa yana iya kusantar sifili. Kaga kenan jakar mai zuwa a Janairu da ta mai zuwa a Mayu ba ɗaya bace, na Janairu sai da rigar sanyi mai kauri da hula da safa, na Mayu kuwa wannan gurbin ruwa zai cika shi dashi.

In kana son ka ga Biyanu, babban bikin gargajiya na mutanen Agadas, a watan Muharram ake yinsa, sai ka bi lissafin watan Musulunci, kuma ka nemi masauki da wuri dan gari cika yake.

Mataki na biyu, takardu da maganar tsaro

Wannan ya riga kaya dan in bai daidaita ba jakar ma bata da amfani. Nijar ta fita daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, tun daga nan abin da ake nema a kan iyaka yana ɗan sassauyawa, saboda haka kar ka dogara da cewa ai da katin ɗan ƙasa nake shiga Maraɗi tun ina yaro. Ɗauki fasfo ɗinka wanda bai kusa ƙarewa ba, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa ɗin nan, sannan kwana biyu kafin ka tashi ka kira wanda ya ƙetara a satin ya gaya maka halin da ake ciki, direbobin tashar Damagaram sun fi kowa sani. Yi hoton kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihu, ka kuma ɗauka a waya ka tura wa wani a gida. Hoton fasfo ƙanana guda huɗu basu da nauyi, saka su.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba. Agadas ita ce ƙofar masu tafiya Libiya da Aljeriya, shekara da shekaru, har Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015 kafin sojoji su soke ta a Nuwamban 2023. To duk saurayi ɗan Najeriya da jaka a baya da ya doshi arewa daga Tanut, garin da ke tsakanin Damagaram da Agadas, jandarma a shinge kallon mai ƙetarawa zai fara yi masa. Abin da zai sauƙaƙa maka shine ka rubuta a takarda sunan wanda zaka sauka wajensa da unguwarsa da lambar wayarsa, ko takardar otal, in ka yanki tikitin dawowa ka riƙe shi kusa. In an tambaye ka ina zuwa, amsa ɗaya gajeriya, ranka ya daɗe ziyara zani wajen wane a unguwa kaza, ranar kaza zan dawo, ka miƙa takarda. Hausa ake ji a duk hanyar da ma cikin garin, ba sai ka iya Faransanci ba.

Maganar fita daji kuma ba wasa a ciki. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, ɗaya 'yar Ostiriya ɗaya 'yar Suwizalan, kuma akwai hanyoyin da sai da rakiyar soja ake binsu. Kai da kake Bahaushe baka fita daban kamar Bature ba, amma wannan ba lasisi bane. Ka fita da direba ɗan gari wanda mai masaukinka ya tsaya masa, a sanar da hukuma in ana buƙata, in suka ce wannan satin hanyar kaza bata biyuwa to shikenan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, gari kaɗai ma ya ishe ka kallo.

Mataki na uku, jaka biyu ba ɗaya ba

Nan ne asalin dabarar. Babbar jaka guda, mai laushi irin ta yadi mai zif, ba akwati mai taya ba, dan tayar akwati bata tafiya a yashi kuma in yaran mota suka ɗaure ta da igiya a sama suka ɗora buhu a kai sai dai ka karɓi gawarta. Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisnat kusan kilomita 450 ne, ƙura kuwa har cikin zif take shiga, to ka fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar kafin ka zuba kaya, ka ɗaure bakinta. Wannan jakar ita zata zauna a masauki ranar da zaku fita daji.

Ta biyu ƙaramar jakar goyo ce wadda bata rabuwa da jikinka, a mota tana kan cinyarka, a masallaci tana gabanka, da dare ita ce matashinka. Takardu, kuɗi, waya, magani, gorar ruwa, rawani, tocila, duk nan suke. Ka ɗauka a ranka cewa babbar zata iya wucewa Arlit, can arewa da Agadas, ba kai, in hakan ta faru ƙaramar ta iya riƙe ka kwana biyu. In ka haɗa su biyun suka wuce kilo 12 banda ruwa, akwai abin da ya kamata ya koma durowa.

Mataki na huɗu, tufafi

Mutane da yawa in an ce zafi sai su kwaso singileti da gajeren wando da riga mai gajeren hannu. Kalli mutanen da suka gaji wurin, Buzu a tsakiyar rana daga kai har idon sawu a rufe yake da kaya masu faɗi, ido kawai ake gani, ba dan baya jin zafi bane, dan riga mai yalwa tana tare rana kuma tana riƙe 'yar iska mai laima tsakaninta da fata. Fatar da ka bari a buɗe ita rana ke gasawa iska ta busar. To kayanmu na gida ma sun fi dacewa, kaftani mai dogon hannu na yadi mara nauyi da wandonsa, auduga zalla, kala mai haske amma ba fari tas ba dan fari awa ɗaya zai koma ruwan ƙasa, nemi ruwan toka ko ruwan madara ko sararin samaniya. Kala uku sun isa kwana biyar, ɗaya a jiki biyu a jaka, dan in ka wanke riga ka shanya kafin ka gama shan shayi ta bushe. Shadda mai sitaci da yadin roba-roba ka barsu, shaddar bata shan zufa kuma goga ɗaya zata yi maka, robar kuwa dafa ka zata yi. In akwai Juma'a a cikin kwanakin ko zaka je gaisuwa fadar Sarkin Abzin to ka ware kala ɗaya mai kyau da hula, a naɗe cikin ledarta daban, babbar riga dai sai in ɗaurin aure ya kai ka.

Akwai ma dalili na musamman. Babban masallacin garin da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake gina shi a 1844, shine abin da kowa ke zuwa gani, kuma shi da tsohon garin UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013. In aka baka izinin hawa hasumiyar, matakalar ciki matsattsiya ce, kana hawa tana ƙara tsukewa kafaɗunka na gogar bango, mai babbar riga da mai farar shadda duk zasu sauko da labari. Sa tsohon kaftaninka ranar.

Kayan ciki kuwa kar ka yi musu rowa, biyar ko shida na auduga, basu da nauyi. Safa ƙafa uku.

Yanzu rawani, wanda a ganina shine abu mafi amfani a duk jakar. Ba na sarauta nake nufi ba, yadin auduga ne mara kauri mita huɗu zuwa biyar, ana samu a Kantin Kwari kuma ana samu a kasuwar Agadas, in ka saya ka wanke shi tukuna sitacin ya fita ya yi laushi. Naɗin ba wuya, ka bar kamar kamu biyu yana lilo ta kafaɗar hagu, ka ɗora sauran a ka ya rufe goshi da ƙeya, ka ɗan murɗa dogon ɓangaren ka riƙa zagaya kai dashi ba da matsi sosai ba har ya ƙare ka cusa bakinsa a cikin naɗin, sai ka ɗauko wancan da ka bari yana lilo ka ja shi ta ƙarƙashin haɓa ya haye kan hanci ka soke shi ta wajen kunnen dama, amawali kenan, in iska ta taso ka ja shi sama in ta lafa ka sauke. Gwada sau biyu a gida gaban madubi, in bai zauna ba kar ka damu direbanku minti ɗaya zai gyara maka yana dariya. Shi ne hularka, shi ne abin toshe hanci, in ka jiƙa shi da ɗan ruwa ya zama abin sanyaya kai, da dare mayafi, in aka samu rauni bandeji. Baƙin nan mai ƙyalli da Buzaye ke ji dashi, turkuɗi, wanda tun da daɗewa a Kura ta Kano ake rina shi ana bugawa ana kai musu, kyau kam akwai amma tsada ne dashi kuma shuninsa zai zauna maka a goshi da wuya, na ado ne, ba shi zaka saya dan ƙura ba.

'Yan uwa mata, ku taku ta ma fi sauƙi ta wani wajen dan lafaya kamar dan wurin aka yi ta, mara nauyi ta auduga guda biyu da doguwar riga biyu. Hijabin roba mai santsi ɗin nan ki barshi a gida, nemi na auduga ko babban mayafi da zaki iya ja ki rufe hanci. Dole ki sa dogon wando a ciki saboda hawa bayan Hilux ko raƙumi. Ki ƙara zani ɗaya wanda ba na ɗaurawa ba, a daji ba banɗaki, 'yar uwar tafiya zata riƙe miki shi ya zama labule. Audugar mata ki taho da irin wadda kika saba da ita da ledar da zaki ƙulle ki dawo da ita gari, kar a binne a yashi iska tonowa take. Gwal da sarƙoƙi masu tsada basu da aiki a wannan tafiyar.

Na sanyi in Nuwamba zuwa Fabrairu ne, rigar sanyi ɗaya mai kauri, hular sanyi, safa mai kauri, da bargo in direba bai ce yana dashi ba. Tambaye shi ƙarara, tabarma da katifa da bargo naka ne ko nawa, kar ka ɗauka.

Mataki na biyar, ƙafa

Takalmi biyu. Sau ciki ko kambas mai ƙasa mai kauri wanda ka riga ka saba dashi, ba sabo ba, sabon takalmi a zafi kwana ɗaya zai tayar maka da bororo. Sai silifas na wanka da alwala da zaman masauki. Kar ka ce zaka yi daji da silifas dan ka ga 'yan gari na yi, ƙafarsu ta saba, yashin azahar yana ƙuna sosai, ga ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya da ke huda roba, ga ƙarangiya in bayan damina ne. Saka matsefata a ƙaramar jaka saboda cire ƙaya. Da safe kafin ka zura ƙafa ka kife takalmin ka bubbuga shi, kunama na son kwana a ciki, haka ma bargo ka kakkaɓe kafin ka shiga, kuma da dare ko fitsari zaka je kar ka taka ƙasa ba takalmi ba tocila.

Mataki na shida, ruwa da magani

A gari ruwan leda da na gora ba wahala. A daji lissafi ake, mutum ɗaya lita biyar zuwa shida a yini na sha kawai in da zafi, banda alwala da girki, kuma a ƙara na kwana ɗaya a kan abin da aka tsara saboda mota na iya lalacewa. Jarkokin ruwa aikin direba ne amma ka gansu da idonka kafin a tashi, ka ɗaga ka ji nauyinsu, a nan ne kuma zaka leƙa ko akwai tayar safaya biyu da shebur, ka tambaya ko mota ɗaya ce ko biyu zasu tafi tare, biyu ta fi. Kai kuma naka gora biyu na lita ɗaya da rabi a jikinka. Ga dabarar sanyaya ruwa ba firji, ka zura gorar cikin tsohuwar safa mai kauri, ka jiƙa safar sharkaf, ka rataye a inda iska ke bugawa a inuwa ko jikin madubin mota, kafin safar ta bushe ruwan ya yi sanyin da zaka sha ka ji daɗi, aikin da salka ke yi kenan tun zamanin ayari, har yau zaka ga motoci da jarka an naɗe ta da buhu an jiƙa. Kar ka ajiye gora a ƙasan mota, wajen yana ɗaukar zafi kamar tanda.

Sha kaɗan kaɗan a kai a kai, kar ka jira ƙishi. Ma'auninka fitsari ne, in ya yi ja kuma ya ragu to kana baya. Sayi gishirin ORS sacet shida zuwa goma a kemis, in ya ƙare ana haɗawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In wani a cikinku ya fara jiri da amai, ko jikinsa ya yi zafi rau ya fara magana ba kan gado, wannan ba na bari ya huta bane, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki da kaya a yi ta fifita, a juya mota zuwa asibiti.

Sauran kayan magani a 'yar leda ɗaya, farasitamol, maganin gudawa, filasta da bandeji, maganin ɗigawa a ido saboda ƙura. Man kaɗanya ko basilin ƙaramin kwalba, leɓe da dunduniya fashewa suke, kuma in ka shafa kaɗan a cikin hanci da safe yana rage haɓo. Tabarau baƙi mai kyau. Man kare fata daga rana in kana dashi ka shafa a hanci da bayan hannu, baƙar fata ma tana ƙonewa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa guda biyu a aljihu ba a jaka ba, mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin tafiya ya kuma ɗauki magani da rarar kwana uku a cikin kwalinsa na asali, insulin kuma baya son zafi sam sai an nema masa abin sanyi. Rani lokacin sanƙarau ne a duk yankin nan namu, in baka yi allurar ba ka yi. In damina ce ƙara gidan sauro. Tumfafiya tana da yawa a hanya, a hana yara wasa da ita, ruwanta in ya shiga ido matsala ne.

Mataki na bakwai, waya da wuta

Soket ɗin Nijar irin na Faransa ne mai rami biyu zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku bata shiga, sayi adafta tun daga gida ko a Damagaram. Ana ɗauke wuta musamman lokacin zafi, to fawa bank mai kyau ɗaya, a cike, kuma kar a barshi a rana ko gaban gilashin mota, kumbura yake. Wayar ma haka, a aljihun jaka cikin leda mai zif, dan yashin nan mai laushi yana cika ramin caji. Layin Najeriya zai yi ta cin kuɗinka a banza, sayi na can, akwai Airtel da Moov da Zamani, da fasfo ake rajista, tambayi mai masaukinka wanne ya fi kamawa a inda zaku. Kana fita gari kaɗan sabis zai ɗauke, saboda haka ka sauke taswira tun kana da intanet, ka rubuta lambobi uku masu muhimmanci a takarda, ka kuma gaya wa na gida ranar da zasu ji ka shiru da ranar da in basu ji ka ba su fara kira. Tocila ta daban mai batir, ta goshi ta fi, kar ka ƙarar da cajin waya wajen haska hanya. Agogo dai ba sai ka taɓa ba lokacinmu ɗaya.

Mataki na takwas, kuɗi

Sefa ake kashewa, kuma tsaba, katin bankinka na naira kar ka sa rai dashi. Canza a Wapa wajen 'yan canjin Kano ko a bakin iyaka ko Damagaram, ka nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000 da yawa dan mai shayi ba zai samu canjin 10,000 ba. Raba kuɗin gida uku, aljihu, ƙaramar jaka, da wani wuri a jikinka. In zaka riƙe da yawa gara ka tura wa kanka ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ka karɓa a can.

Sai ka koyi ƙirgarsu tun kafin ka shiga kasuwa, da dala suke lissafi kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shago ya ce dala ashirin, 100 yake nufi, dala ɗari 500 kenan, jika ɗaya kuma 1,000, ba jakarmu ta naira 200 ba. Duk abin da aka faɗa da dala ka ninka sau biyar, in ka rikice ka ce ya rubuta maka a waya.

Mataki na tara, ibada da guzuri da abin hannu

Darduma mara nauyi, carbi, 'yar buta. A daji ruwa na sha ne, taimama halas ce kuma ga ƙasa mai tsarki iya ganinka, ga sauƙin kasaru. Guzuri mara lalacewa, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, biskit, garin kwaki da sukari, kilishi kaɗan dan yana jawo ƙishi. Cakulan da duk abin da ke narkewa a'a. A dajin direba ko mai girkinsa zai yi muku tagella, burodin da ake binnewa cikin yashi da garwashi a kakkaɓe a gutsuttsura a miya, sai shayi kofi uku a jere, kar ka tashi bayan na farko ba daɗi.

In zaku tsaya a wani zango ko ƙauye, abin da ake jin daɗinsa shine ganyen shayi da sukari, saya a kasuwar Agadas kafin ku fita. Mai masaukinka na gari kuma goro ko turare ko yadi daga Kano ya wadatar.

Abin da zaka bari a gida

Duk wani kaya mai kalar kakin soja, wando ne ko hula ko jaka, kar ma ya shiga mota. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi shima haka, zai jawo maka tambayoyin da baka da amsarsu, kuma ko da waya kar ka ɗauki hoton shinge ko barikin soja ko filin jirgin Mano Dayak, mutane ma musamman mata sai ka nemi izini. Tiramadol da maganin tari mai kodin ko na wani ne kar ka riƙe, haka duk wani ƙullin saƙo da aka baka a tasha baka ga cikinsa ba, ko waye ya baka ka ce a buɗe. Laftof in ba aiki zaka yi ba nauyi ne kawai da fargaba. Turaren feshi mai gas da man gashi mai narkewa suma su zauna.

Mataki na ƙarshe, lodi

Daren tafiya ka baje komai a kan gado. A babbar jaka bargo da rigar sanyi a ƙasa, kaya a nannaɗe ba a ninke ba a tsakiya, takalmi cikin leda a gefe da safa a cusa a cikinsa, kayan wanka a sama cikin ledarsu dan in wani abu ya zube. Ƙaramar jaka kuma abin da zaka fi buƙata shi ke sama, fasfo da takardar masauki a aljihun gaba inda hannu ɗaya zai ciro su, rawani a wuya tun daga tasha. Goya ta ka zagaya tsakar gida minti biyar, in ta dame ka a nan to rage.

Ranar fita daji sai ka sake tacewa, kala ɗaya na canji, kayan sanyi, magani, ruwa, tocila, fawa bank, darduma, takardu, sauran duk su zauna a masauki. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na babbar jakar ba komai saboda dawowa, dan akwai cuku da dabino da takalman fata da aikin azurfa na maƙeran garin, ga mutanen gida kowa na jiran tsarabarsa. Cukun ka naɗe shi a takarda ba leda ba dan kar ya yi gumi, azurfar kuma ka tafi da ɗan gari wajen saye, ya san maƙerin da ke aiki da ta gaske.